Ƙofar tirela ta ce laba 3,000, motar Hajiya ba ta kai haka ba: in hau ko in haƙura?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara daga masu sanin ƙarfe da lodi. Watan jiya na sayi tirelar gida ta hannu, irin mai gareji a baya da Amurkawa ke kira toy hauler, wadda ƙofar bayanta ke saukowa ƙasa ta zama gangaren hawa. Ƙirar 2017 ce, a-kori-kurata Ford F-250 ce ke janta. Muna shirin zuwa Little Sahara, wurin shaƙatawa mai tuddan rairayi a Oklahoma, da yara idan an yi hutun makaranta, tafiyar awa biyar da wani abu daga nan Arlington ta Texas. Hajiya ta ce in dai za mu kwana huɗu a can, ba za ta zauna ba mota ba, kuma ba ta iya tuƙa babbar. Sai na ce to me zai hana in cusa Fiat 500 ɗinta a garejin? Na auna da tef, garejin ƙafa 13 ne, motar ba ta kai ƙafa 12 ba. Sitikar da ke jikin ƙofar ta ce laba 3,000. Motar kuma a takarda wajen 2,400 ce. A lissafina akwai rarar 600. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Akwai wanda ya taɓa yi?

Kawu na Atlanta: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Na ji daɗi da ka ce "laba", rabon da in ji kalmar tun zamanin da muke kai gyaɗa kan sikeli. Ga yaran da kilo kawai suka sani: laba 3,000 kilo 1,360 ke nan, 2,400 kuma kusan kilo 1,090. To masana, bismillah.

Autan Group: Yaya ka hau kawai. Na ga wani a YouTube ya shigar da Jeep Wrangler cikin irinta, ko ƙara ƙofar ba ta yi ba. Wrangler fa ta kusa 4,000. Turawa kullum rage lamba suke yi saboda tsoron lauyoyi. Idan sun rubuta 3,000, ka ɗauka 5,000 ce.

Ɗan Damagaram: Auta, wanda ƙofarsa ta karye ba ya sa bidiyo. Baban Amira, kafin komai: Little Sahara? Ka baro Sahara ta gaskiya a bayan gidanmu ka zo Amurka kana biyan kuɗin shiga rairayi? Lallai duniya. Ka zo in kai ka Tanout kyauta.

Maganar lodi kuwa, shekara goma sha ɗaya ina jan babbar mota a ƙasar nan, abin da na koya shi ne jimillar nauyi ita ce ƙaramar magana. Doka ta ba mu laba 80,000 gaba ɗaya, amma sai ka zo da 78,000 a tare ka a sikeli, saboda tayoyin baya sun wuce 34,000 ɗin da aka ƙayyade musu. Ba a tambayar nawa ka ɗauko kaɗai, ana tambayar ina ya zauna. Ƙofarka ma haka take.

Baban Amira: Malam, ai rairayin Oklahoma ba ya buƙatar biza da tikitin jirgin mutum biyar. Amma na ji ka. Bari in ƙara wani abu da na lura da shi. Tsawon ƙofar inci 90 ne. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya na Fiat ɗin ma inci 90 ne da ɗan ɗoriya. Ke nan babu lokacin da tayoyi huɗu za su taru a kan ƙofar. Kafin na baya su hau, na gaba sun shige ciki. To ashe ma rabin nauyin kawai ƙofar za ta ɗauka. Ko ba haka ba?

Autan Group: Ka ji ko! Abin da nake faɗa ke nan.

Maman Sadik (Injiniya): Sallama ga kowa. Baban Amira, wannan lissafin naka na ƙarshe shi ya fito da ni daga kicin, don a nan mutane suke faɗawa rami.

Ka ɗauko falanki ka ɗora a kan kwata, bakinsa ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ka jera buhu goma daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ka ga yadda ya lanƙwasa. Yanzu ka kwashe su, ka ɗauko biyar kacal ka tula su a tsakiya, ɗaya kan ɗaya. Wahalar da tsakiyar falankin ke sha a karo na biyu daidai take da ta karo na farko. Buhu biyar a tsakiya, buhu goma a baje, abu ɗaya ne a wurinsa. Wannan ba ra'ayi ba ne, lissafi ne da duk ɗalibin injiniyan gini yake yi a farkon karatunsa.

Ƙofarka falanki ce. Kanta na kan hinji, ƙafarta na ƙasa, tsakiyarta a iska take. Fiat kuma injinta a gaba yake, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta a kan tayoyin gaba yake zaune. Mu ce 1,500, kai kuma kana ciki, mu ƙara wani abu, ya zama 1,600. Lokacin da tayoyin gaban nan suka iso tsakiyar ƙofa, abin da take ji ya yi daidai da laba 3,200 da aka baje a kanta. Ina rarar 600 ɗin ta tafi?

Saboda haka ka koma ka karanta sitikar da kyau. Ba lambar kaɗai ba, ƙananan rubutun da ke ƙasanta.

Ɗan Zango: Chei, Hajiya Injiniya ta zo da alli da allo. Ni dai a Bronx mota uku, wani lokaci huɗu, muke cusawa a kwantena mai ƙafa 40 zuwa Tema ko Kwatano, da katakon da muka buga da hannunmu, ba mu taɓa yin wannan lissafi ba.

Maman Sadik (Injiniya): Ɗan Zango, katakon naku ba ku tokare shi daga ƙasa?

Ɗan Zango: Muna tokarewa mana. Wa zai bar shi a iska?

Maman Sadik (Injiniya): To kun yi lissafin ke nan, ba ku dai rubuta ba.

Autan Group: Anti, da girmamawa, ban yarda ba. Wanda ya ƙera ƙofar ai ya san ba buhun masara za a jera a kai ba. Ya san abu mai taya ne zai hau. To don me zai ba da lambar da ba ta shafi taya ba?

Maman Sadik (Injiniya): Wannan tambaya ce mai kyau, Auta, ta fi ta YouTube ɗin. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce ƙofar za ta karye ba. Na ce rarar da yake gani ba lallai tana nan ba. Wanda zai raba mu shi ne wanda ya ga cikin ƙofar. Ina Gwani?

Gwani Bakanike: Ga ni, yanzu na tashi daga aiki. Na yi shekara huɗu a wata masana'antar waɗannan tireloli kusa da Elkhart a Indiana, inda ake ƙera mafi yawansu, kafin in buɗe garejina. Bari in gaya muku abin da ke cikin ƙofar nan, don mutane na ganin kaurinta su ɗauka ƙarfe ne zalla.

Firam ne na alminiyom ko ƙarfe a zagaye. A tsakiya soso ne mai tauri. An manna masa filawud sama da ƙasa, daga waje an rufe da faiba, daga ciki an shimfiɗa baƙar roba mai kaushi don kada taya ya zame. Gam ne ya riƙe su duka. Muddin suna manne da juna, abin yana da ƙarfi ƙwarai, ya fi yadda nauyinsa ke nunawa. Ranar da ruwa ya shiga ya raba katakon da soson, ƙarfin ya tafi, ko da daga waje tana sheƙi.

Auta ya yi gaskiya ta wani gefe: an san taya ne zai hau. Shi ya sa a yawancin waɗanda suka bi ta hannuna lamba ba ɗaya ba ce. Akwai ta jimilla, galibi 3,000, an rubuta cewa a baje. Akwai ta kowane taya, sau da yawa 1,000. Sannan idan ƙofar irin wadda ake ɗagawa ta tsaya a miƙe ta zama baranda ce, akwai lamba ta uku, galibi 1,500, domin a lokacin ƙafarta ba ta ƙasa, wayoyi biyu ne ke riƙe da ita. Mutum sai ya riƙe babbar lambar ya manta da sauran biyun.

Kuma abin da aka yi ƙofar dominsa shi ne babura da keken rairayi irin su Polaris RZR da Can-Am, masu laba 1,500 zuwa 2,000, da faffaɗan taya mai laushi wanda ke baje nauyi. Tayan Fiat siriri ne, iskarsa da ƙarfi take, ta fi 30 a ma'aunin iskar taya, wurin da yake taɓa ƙasa bai fi tafin hannunka ba.

Kawu na Atlanta: Gwani, tsaya. Wannan ta barandar ta taɓa ni. Bara a wajen taron Sallah na ga an ɗaga irin wannan ƙofa, an sa kujeru, mutane sun cika ta har da tukunyar miya. Ni ma na hau.

Gwani Bakanike: Kawu, Allah ya kiyaye ku ne. Laba 1,500 manya takwas ne in an ci tuwo an ƙoshi. Kuma ba a hawa da abin hawa a kanta a wannan tsayuwar, ko babur ne.

Baban Amira: Na je da tocila na duba. Hajiya Injiniya, kin yi gaskiya, akwai ƙananan rubutu, rana ta cinye su sai da na shafa ruwa. An ce 3,000 idan nauyin a baje yake, kuma kada taya ɗaya ya wuce 1,000. Ta baranda 1,500, kamar yadda Gwani ya faɗa. To yanzu idan gaban motar 1,600 ne, kowane taya 800 ke nan. Ban kai 1,000 ba. Na tsira?

Maman Sadik (Injiniya): Ta wannan fannin ka tsira a takarda, kuma ina janye rabin tsorona, tunda masu ita sun ba da lambar taya, sun yi lissafin abin da na bayyana. Amma 800 ɗin ƙiyasi ne nawa daga kicin. Kuma na mota ce a tsaye cik. Idan ka taka birki a tsakiyar ƙofa, ko ka saki kuloci ta yi tsalle, nauyin da ke dukan ƙofar ya wuce haka nesa. Wajen saukowa ma da baya, ka taka birki, nauyi ya koma kan tayoyin da ke ƙasa. Rarar 200 a kowane taya ba ta da yawa ga ƙafar da ba ta saba ba.

Ɗan Damagaram: Ku daina ƙiyasi haka nan. Baban Amira, a yawancin tashoshin manyan motoci da ke kan titin I-20 kusa da kai akwai sikelin kamfanin CAT, mai allon rawaya. Kuɗin bai kai na cin abincin mutum biyu ba. Sikelin faranti uku ne a jere. Ka ɗora tayoyin gaba a faranti ɗaya, na baya a na biyu, ka danna maɓalli ka ce musu motar gida ce. Za su ba ka takarda da nauyin gaba daban, na baya daban. Ka je da tanki cike, kai ma kana ciki, yadda za ka hau ƙofar. Gani ya kori ji.

Amma ni ba ƙofar ce ta dame ni ba. Ka duba jikin tirelar ta gefen hagu daga gaba, ko bakin ƙofar shiga, akwai sitika rawaya. Me ta ce game da kayan da za a iya ɗorawa?

Baban Amira: Ta ce kada kaya su wuce laba 3,240. Ɗaya sitikar kuma ta ce GVWR 11,000.

Ɗan Damagaram: Yawwa. 11,000 ita ce iyakar nauyin tirelar da duk abin da ke cikinta. Tankin ruwanka galan nawa ne? Akwai tankin fetur na baya?

Baban Amira: Ruwa galan 100. Fetur 30, shi janareta ke sha.

Ɗan Damagaram: To ɗauko biro. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne, a jikin sitikar rawayar ma an rubuta cewa ruwa cikin kaya yake. Galan 100, 830 ke nan. Fetur ya fi ruwa sauƙi, wajen laba 6 galan, 180 ke nan. Motar 2,400. Tara: 3,410. Ka wuce 3,240 da 170, alhali ba ka sa ko cokali ba. Ba buhun shinkafa, ba tukwane, ba kayan sawa, ba kekunan yara, ba kular nama. Kuma na san Hajiya ba za ta yi tafiyar kwana huɗu da jaka ɗaya ba, matanmu duk ɗaya ne.

Maman Sadik (Injiniya): Malam, a bar matan nan su huta. Akwatin kayan aikin maza ya fi akwatin atamfa nauyi.

Ɗan Damagaram: Na tuba, Hajiya.

Autan Group: Sai ya tafi ba ruwa mana, ya cika a can. An cire 830, magana ta ƙare.

Gwani Bakanike: Auta, kai dai so kake a hau. Dabarar ba laifi, mutane da yawa haka suke yi, amma a wannan tirelar tana iya zama ta gyara wani wuri ta ɓata wani. A irin waɗannan, tankin ruwa yakan zauna a kan tayoyi ko gabansu kaɗan. Garejin kuwa rabinsa ko fiye a bayan tayoyi yake. Tirela kamar lilon yara ce na katako: ka danna baya, gaba ya ɗaga. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya zauna a kan ƙwallon da ke bayan a-kori-kura, inda ake maƙala tirelar. Ga tirela mai 11,000, laba 1,100 zuwa 1,650 ke nan. Shi ya sa ake ƙera su da nauyin gaba sosai idan ba kaya, don a bar wa abin da za a sa a baya wuri. Amma an yi lissafin ne da keken rairayi, ba da mota ba. Ka sa 2,400 a baya, ka kuma zubar da ruwan da ke taimaka wa gaba, sai ƙwallon ya yi sauƙi. Daga nan sai wutsiya ta fara kaɗawa.

Na taɓa gani da idona a kan I-65. Wani ya wuce ni da irinta, babbar mota ta wuce shi, iskarta ta buge shi. Tirelar ta fara rawa hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi, har tayanta na gefe ɗaya ya bar kwalta. Allah ya taimake shi ya kama birkin tirelar da hannu ta miƙe. Da na tsaya a gaba na same shi zaune a kan ciyawa, hannunsa na karkarwa ya kasa buɗe gorar ruwa.

Kawu na Atlanta: Subhanallah. Baban Amira, da yara a mota fa.

Baban Amira: Jikina ya yi sanyi, wallahi. Ni duk hankalina na kan ƙofa.

Ɗan Zango: Ni ma bari in sa baki a inda na sani, tunda ɗaure mota sana'ata ce. Ko ta shiga lafiya, da me za ka ɗaure ta? Zobban da ke ƙasan garejin ka leƙa ta ƙarƙashi ka gani, a jikin shasi aka ɗaure su ko a katako kawai aka huda? Na ga wanda zobe ya tumɓuke da guntun katakonsa. Mota ana kama ta ne ta tayoyi huɗu da bel mai raga, ba igiya ɗaya a bamba ba. Sannan ka tuna a garejin nan yara za su kwana, gadon da ke saukowa daga sama a can yake. Warin fetur da hayaƙi sai an buɗe tagogin iska an bar shi ya fita.

Kuma wani abu: in ka shigar da ita, ta ina za ka fito? Ƙofar Fiat doguwa ce. Da tumbin nan naka da na gani a bikin suna, ta but za mu zaro ka.

Baban Amira: Ɗan Zango, Allah ya shirye ka. Azumi na zuwa, za ka ga tumbin.

Gwani Bakanike: Idan duk da haka ka ƙudura sai ka gwada, ga yadda ake yi. Tirelar ta kasance a ɗaure da a-kori-kura, an ja birkin hannu, an sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Kada ka taɓa hawa tana tsaye ita kaɗai, gabanta zai iya ɗagawa sama. Ƙafafun da ake saukewa a kusurwoyin baya na hana girgiza ne, ba jak ba ne, kada ka dogara da su su ɗauki mota. Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, bakin ƙofar ya kwanta gaba ɗaya. Idan kusurwa ɗaya na ƙasa ɗaya na iska, ƙofar murɗewa take yi, kuma murɗewa ta fi lanƙwasa kashe ta. Ka tokare tsakiyarta da katako mai kauri a gicciye, daga gefen firam zuwa gefen firam, daidai inda tayoyi za su bi. Kada ka sa kan jak kai tsaye a jikin faiba, hudawa zai yi. Ka shiga da gaba, don injin ya matso kusa da tayoyin tirela. A hankali, ba tsayawa a tsakiya, wani na gefe yana duba maka.

Cikin Fiat kuma a ƙasa yake. A daidai hinji, inda gangaren ya haɗu da daɓen gareji, akwai ƙusumbi. Nan cikinta zai iya zama daram, tayoyin gaba a ciki, na baya a waje. Ana rage wannan da ɗaga gaban tirela kaɗan, ko a ƙara wa gangaren tsawo da katako.

Maman Sadik (Injiniya): Tokarar tsakiyar nan ita ce maganin abin da na fara faɗa. Ka raba tazarar gida biyu, wahalar ta ragu da rabi ko fiye. Amma ba ta ƙara ko laba ɗaya a kan 3,240 ɗin Malam ba.

Baban Amira: Jama'a barkanmu da yamma, na dawo da rahoto. Yau da safe na kai motar sikeli kamar yadda Malam ya ce. Ma'aikaciyar har dariya ta yi da ta ga 'yar motar tsakanin manyan tireloli. Ina ciki, tanki cike: gaba 1,660, baya 960, jimilla 2,620. In an cire ni, 2,430. Ke nan kowane tayan gaba 830, idan ma sun raba daidai, kuma na san gefen direba ya fi.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da na gani da na dawo. Na tuna maganar Gwani ta ruwa, na sauke ƙofar na bi ta da ƙafa taku-taku ba takalmi. Sama lafiya, tsakiya lafiya. Wajen hinji ta hannun dama, kamar faɗin faranti, sai na ji ƙafata ta ɗan nutse kamar na taka katifa. Na ƙwanƙwasa da bayan sukudireba, ko'ina yana cewa ƙwas ƙwas, nan kuwa sai bif. Na kwance sukuru ɗaya na bakin ƙarfen, ya fito baƙi da tsatsa, da ɗan jiƙaƙƙen katako a jikinsa kamar dusa.

Gwani Bakanike: Innalillahi. To ai magana ta canza. Idan ƙofar a rufe take, gefen hinji shi ne ƙasa, duk ruwan da ya sulalo ta fitilun sama ko ta bakin roba can yake taruwa. Abin da ƙafarka ta ji faɗin faranti ne, abin da ke ciki ya fi haka. Wannan 3,000 da 1,000 na sabuwar ƙofa ne, taka yanzu ba wanda ya san lambarta. Kuma daidai wurin ne tayan dama zai taka. Kada ka hau da mota. Barandar ma kada a ɗaga wa yara sai an gyara.

Autan Group: To ni dai na janye. Yaya ka yi haƙuri, da ka bi tawa da yanzu wani zancen ake.

Kawu na Atlanta: Auta, janyewar nan ta fi duk abin da ka faɗa a makon nan. Baban Amira, wanda ya sayar maka bai gaya maka ba?

Baban Amira: Bai faɗa ba, Kawu, kuma ina kyautata zaton shi ma bai sani ba. Dattijo ne, keken golf kawai yake sawa, ya ce rabonsa da fita da ita shekara biyu, tana ajiye a fili ruwa na dukanta. Laifina ne da ban taka ta ba kafin in biya. Na buɗe firji, na kunna AC, na duba banɗaki, ƙofar kuwa sau ɗaya na ga an sauke an mayar.

Gwani, gyara ake yi ko sabuwa?

Gwani Bakanike: Ya danganta da inda ruɓar ta kai. Idan ba ta yi nisa ba, ana ɗaye robar, a yanke ruɓaɓɓen katakon, a sa sabo da gam mai ƙarfi, a toshe inda ruwan ke shiga. Zai yi wa babur da keken yara. Amma ni ba zan sa hannu in ce ƙofar da aka yi wa faci ta ɗauki mota ba. Sabuwa kuma ba araha ba, ga kuɗin kawowa, don abu ne mai faɗin ƙafa takwas. A jikin firam ɗin, ta gefe, akwai 'yar sitika mai sunan kamfanin da ya ƙera ƙofar da lambarta, sau da yawa ba shi ne mai tirelar ba. Ka ɗauki hotonta ka turo mini. Wani abu kuma: sifirin ɗin da ke taimaka maka ɗaga ta a ɗaure yake da ƙarfin gaske, kada ka kwance shi da kanka, yana karya hannu.

Ɗan Damagaram: In an gyara, ka loda ta yadda za ku yi tafiya, ka koma sikelin da a-kori-kurar da tirelar gaba ɗaya. Awo biyu: ɗaya a haɗe, ɗaya a-kori-kurar ita kaɗai. Abin da a-kori-kurar ta ƙaru da shi a awon farko, shi ne nauyin da ke kan ƙwallo. In kana da sandunan raba nauyi a jikin ƙugiyar, ka sassauta su kafin awon. Ka turo takardun nan mu duba tare.

Maman Amira: Assalamu alaikum. Baban Amira ya ba ni wayarsa na karanta tun daga sama. Na gode muku duka, musamman Maman Sadik da ta tsaya mana a kan maganar akwati. Ni dama tun farko cewa na yi zan bi shi a baya da motata, shi ya ce kuɗin mai biyu. Awa biyar ce, na yi Houston da dawowa a rana ɗaya. Amira za ta shiga wurina, mazan su bi babansu.

Ɗan Zango: Shi ke nan, Hajiya ta yanke hukunci. Kotu ta tashi.

Baban Amira: Ban ce komai ba. Gwani, na tura maka hoton sitikar ta akwatinka, ka duba ko lambar ta fito, hasken ba shi da kyau. In ba ta fito ba gobe da rana in sake ɗauka.

Gwani Bakanike: Lambobi biyun ƙarshe sun dushe. Ka sake, ka kuma ɗauko mini wurin da ya yi laushin, ka ajiye tef a gefensa in ga nisansa da hinji.